Ranar da Kwanukan Inna Suka Dawo

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah ce, shekarar da nake aji biyar a firamare. Hantsi ya ɗaga, ina zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, an ƙunsa mini lalle an naɗe ƙafafuna da tsumma, ba ni da halin tashi ko da kunama ce ta nufo ni. Inna tana bakin murhu tana tsame cincin daga mai, ga azumi a bakinta, ga hayaƙi yana sa ta hawaye. Sai ga ƙanena Habu ya faɗo gidan a guje ko sallama babu, ya ce wata farar mota ta baro titi ta shigo burtali, tana tafe a hankali don kada ƙayar shinge ta karce ta. Inna ba ta tambayi ko motar wa ce ba. Ta ajiye matsami, ta sauke kaskon da sauran cincin a ciki, ta goge hannu a gefen zane, ta ce, "Sani ne." Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na lokacin ba, kuma ban sake gani ba.

Sani ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kawu muke ce masa, ko da yake ni a lokacin hotonsa kawai na sani. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, Inna ce ta goya shi tun bayanta bai gama ƙwari ba. Da ya samu makarantar kwana a Bici, ita kuma tana sabon aure a gidan Baba, duk ƙarshen hutu sai ta kirɓa masa nakiya ta cusa a akwatinsa, domin nakiya ba ta saurin lalacewa, yaro zai yi ta gutsura yana korawa da ruwa har zangon karatu ya ƙare. Ta sha ba mu labarin yadda yake tsugunawa gaban turmi yana jiran a ba shi taɓarya ya lashe. Ya yi karatu, ya samu aikin ofis a birni, ya yi aure, ya gina gida a Rijiyar Zaki. Sai zuwansa ƙauye ya fara ja da baya, daga duk wata ya koma Sallah Sallah, daga nan ya koma saƙon gaisuwa a bakin masu zuwa birni, daga baya saƙon ma ya ɗauke. Ba su yi faɗa ba, ba wata magana da ta shiga tsakaninsu. Abin da Inna take so a duniya bai wuce ta ga ƙaninta ya shigo gidan nan ya zauna ya ci abin hannunta ba, kuma hanyar da ta sani ta kiran mutum ita ce kwano.

A ƙauyenmu gidaje a haɗe suke da gonaki, darnin wannan yana jingine da rumbun wancan, in ka yi tari a gidanku maƙwabci ne zai yi maka sannu. Ranar Sallah kuwa kwano ne yake riga mutane yawo. Da an sauko daga Idi za a jera mana kwanuka a ka, tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, cincin, dubulan, a ce wannan gidan liman, wancan gidan wanzami, mu yi ta ratsa gonaki tsakanin buhunan wake da dammunan dawa muna gwada wa juna sababbin kaya. Doka ɗaya ce a wannan aike, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana ita: ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. Mai hali ya zuba nasa girkin, marar hali ya wanke ya saka ɗan abin da Allah ya hore. Iya Abu, tsohuwar da ke bayan darninmu, ba ta da ɗa ba ta da jika a kusa, amma ban taɓa fitowa daga ɗakinta da kwano babu komai ba. In ba ƙullin kuka ba to daddawa ce, wata shekarar ma ƙwan zabuwa guda ta naɗe mini a tsumma ta ce in bi a hankali. Wanda kuma ya riƙe kwano ya kwana a wurinsa, kowa ya san abin da yake nufi: da ƙafarsa zai kawo shi, a gaisa, a ci abinci tare.

Saboda haka duk azumi in ya raba tsakiya, gidanmu sai ya koma na nakiyar Kawu. Inna ba ta fita kasuwa, Baba take lissafa wa abin da za a sayo, ni kuma a ɗora ni a bayan kekensa saboda na fi shi riƙe saƙo. Shinkafa sai 'yar gida mai fari, man shanu sai na wata Bafulatana guda da Inna ta yarda da ita, ga sukari, ga kimba da citta da kanumfari da masoro. Duk daga guminta suke fitowa, daga ƙuli-ƙulin da take soyawa ina kaiwa talla bayan an tashi daga makaranta, da gyaɗar da ni da Habu muke kala a gonakin mutane bayan an cire, muna tona ƙasa da ɗan sanda har faratanmu su kakkarye. Sai an gama sayen kayan nakiya kaf sannan a waiwayi namu kayan Sallar. Na tuna yadda nake tsayawa gaban mai shimfiɗar takalma ina kallon wani jan takalmin roba mai fure a ka, Baba yana ja na gaba yana cewa sai mun zagayo. Ba mu zagayo ba. A wannan shekarar, da takalmin bara na je Idi, dunduniyata a waje, Habu kuma ya haƙura da tabarau da agogon roba da ya yi wata guda yana mafarkinsu.

Aikin kansa kwana da kwanaki ne. A jiƙa shinkafa, a tsane, a daka da kayan ƙamshi, a tankaɗe, a soya garin a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tsallake darni ya shiga gidajen mutane. A dafa sukari ya yi danƙo, a haɗa a turmi, sannan a shiga kirɓi ana zuba man shanu kaɗan kaɗan. Inna takan yi kirɓin nan da azumi, gumi yana bin wuyanta, tafin hannunta yana yin ƙanta, ba ta yarda kowa ya karɓe ta don ta ce hannu biyu yana ɓata nakiya. Da yake ba ta da halin ɗanɗanawa, ni ce harshenta. Takan lakuto ɗan mitsitsi a kan yatsa ta sa mini a baki ta tsare ni da ido, "Yaji ya ji? Kawunku ba ya son ta yi zaƙi salam." Wannan lakucen shi ne rabona na shekara. Habu yakan samu taɓarya, ni in kankare turmi da cokali. In muka yi ƙorafi sai ta ce mu da muke gida kullum muna cin abin hannunta, shi kuwa sau ɗaya ne a shekara. A gaskiya na tsani mutumin nan tun ban gan shi ba, ina kuma ɗokin ganinsa fiye da kowa.

Ba a kowane kwano take zubawa ba. Daga jerenta take saukowa da samira, cikin kwanukan aurenta masu murfi da zanen fure, waɗanda ko ƙura ba ta bari ta kwana a kansu. Ta curo nakiyar manya manya tana sheƙi, ta jera a ciki, ta rufe, sannan ta ɗaure da ƙyallen da ya ragu daga ɗinkin Sallarmu na shekarar, ta yi masa wani ƙulli nata mai kunne biyu, ta cusa bakin a ƙasa. Washegarin Sallah Baba ya sa babbar rigarsa ya hau motar haya ya kai. In ya dawo da la'asar tana tsaye tana jiransa da ruwa a hannu, shi kuma amsarsa ba ta canzawa, "Na kai. Suna gaishe ki." Sai da na girma ya gaya mini ko sau ɗaya bai wuce bakin ƙofa ba. Mai gadi ne yake karɓa, wani lokaci a ce Alhaji ya fita, wani lokaci a ce yana da baƙi.

Kwanon bai dawo ba a shekarar farko, Inna kuwa murna ta yi. Ta ce ai ya riƙe ne don zai kawo da kansa. Ta share zaure, ta fito da sabuwar tabarma, ta hana a yanka zakaran da ta yi wata da watanni tana kiwo. Zakaran nan ya ga Sallah ya ga bayanta, ya tsufa a gidanmu har namansa ya fi ƙarfin haƙori. Shekara ta zagayo ta sake sauke wata samira, aka sake yin haka. Jerenta ya fara yin giɓi kamar bakin Habu lokacin famfara, ita kuma tana matso da ƙananan kwanuka tana rufe gurbin don kada mata su lura. Sun lura mana. Ni ma a makaranta na sha nawa, domin bakina ne ya jawo mini, na cika ƙawayena da labarin kawuna mai mota da gidan bene. Wata rana muna 'yar carafke a gindin kukar makaranta, Jummai ta ci ni wasa, ta kwashe duwatsunta ta ce, "Kawun nan naki na rediyo ne, ana jin sa ba a ganin sa." Sai da malamin aji ya raba mu, ɗankwalinta a hannuna.

To wannan shi ne mutumin da Inna ta ce ya zo. Kafin motar ta tsaya a ƙofar gida ta shiga ɗaki ta canza zane, ta yafa mayafin unguwa, ta ce Habu ya shimfiɗa tabarma a zaure. Baba ba ya nan, ya tafi karɓo ɗinki wurin tela. Matan maƙwabta suka fara shigowa ta kafar darni, wata da ludayi a hannu, wata da rabin kitso, Iya Abu tana dogara sandarta a baya. Ni kuwa na ja gindi har bakin zaure da ƙunshina, ina addu'ar Allah Ya sa Jummai tana cikin yaran da suka biyo motar.

Mutum ɗaya ne ya fito, wani saurayi mai ladabi, ya tsuguna a zaure ya gaida Inna ta bayan ƙofa. Ya ce shi direban gidan Kawu ne. Ya ce Alhaji yana Umara tun goman ƙarshe ta kama. "Hajiya ce ta sa aka yi wa gida fenti saboda Sallah, aka kwashe kayan sito, sai aka ga kwanukanku. Ta ce in kawo muku yau, kada ku neme su gobe." Inna ta ce Allah Ya dawo da shi lafiya, Allah Ya karɓi ibada. Muryarta ba ta nuna komai ba. Aka shigo da wani babban kwali, yara biyu suna riƙe da shi suna nishi, aka dire a tsakar gida. Nauyinsa ya sake tayar da zancen. Wata ta ce taliya ce da madara, wata ta ce ƙila har da atamfa, Iya Abu ta ce ai dama ta san yaron nan ba zai manta da bayan da ya goya shi ba. Na ga Inna ta ɗan saki fuska. Bai zo ba, amma ya cika kwano, wannan ma amsa ce.

Ta buɗe kwalin da hannunta. Samirun guda huɗu ne a ciki, kowace a ɗaure. Abin da na fara ganewa shi ne ƙyallen da ke sama, shuɗi mai zanen ganye, ragowar atamfar da na yi Sallar bara da ita. Na ƙasansa ruwan ɗorawa ne, na rigar da ta riga ta yi mini kaɗan aka ba wa wata. Ƙullin nan mai kunne biyu yana nan a kan kowanne yadda ta yi shi, bakinsa a cushe a ƙasa, ƙura ta kwanta a cikin lanƙwasarsa, ɗaya ma har da ɗigon sabon fenti. Ba wanda ya taɓa kwance ko guda.

Da Inna ta mayar da kwalin ta rufe da an bar maganar a nan, amma ba ta yi haka ba. Ta zauna a ƙasa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwancewa, da haƙori ma in ƙullin ya ƙi. Ta bara tana nan lafiya lau, sheƙinta kawai ya dushe, har sawun yatsunta yana jiki. Ta bara waccan ta bushe ta tsattsage. Sauran biyun sun zama dutse, fumfuna ta bi kansu, warin tsohon mai ya tashi har wata mata ta kai mayafi hanci ta yi sauri ta sauke. A cikin ɗayansu kuɗin jan takalmina yake, da na tabarau ɗin Habu, da ƙantar hannun Inna. Matan suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Iya Abu kaɗai ta tsaya, ta kira Inna da sunanta ta ce, "Allah Ya ba ki lada, Hajara."

Na daɗe ina juya abin a raina, kuma har yau ba wai ƙin cin ne yake ƙona ni ba. Mutum yana iya girma ya daina son abin da yake so yana yaro, likita ma yana iya hana shi zaƙi. Da sun ba mai gadi, da sun zuba wa kaji, da ma sun juye a shara sun ɗauraye kwanon sun jefa sabulu guda a ciki, da Inna ta rayu ta mutu tana cewa ƙaninta yana cin nakiyarta. Ko wahalar yi mata ƙarya ba su ɗauka ba. Matar gidan kuma na tabbata a ranta alheri ta yi, ta mayar wa mutanen ƙauye kayansu a kan lokaci.

Nakiyar bana tana ɗaki, an cure ta an jera a samira ta biyar, ƙyalle yana gefe yana jiran ɗauri. Na zaci Inna za ta ce a bar ta. Sai ta tashi ta ɗauraye hannu, ta ce Habu ya gaya wa direba ya ɗan jira. Ta shiga ɗaki ta daɗe kaɗan, ta fito da baƙar leda, irin wadda nake zuba wa masu sayen ƙuli-ƙuli. A ciki ta juye nakiyar. Ta ƙulle bakin ledar ƙulli ɗaya na kowa da kowa, ta miƙa wa Habu, ta haɗa da ɗan cincin a takarda na direba, tukwicinsa. Iya Abu ta ce, "A leda za ki aika wa ɗan'uwanki abin Sallah?" Inna ta ce, "Zumunci ba zan yanke ba, Iya. Jiran ne na gaji da shi."

Da aka sha ruwa ta tura mana samirar bara gabanmu, ta ce mu ci iya cikinmu. Abin da muka yi shekaru muna lashe turminsa ga shi curi curi ba mai hana mu. Habu ya ci har ya yi barci da guntu a hannu, don shi yaro ne. Ni na gutsura sau ɗaya. Yajin ya ji daidai yadda na ce mata ya ji bara, amma na fakaici idonta na tofar a bayan rumbu. Washegari da asuba na ji ta tana cewa Baba ya yanka zakara. Samirun kuwa ta wanke su da toka da soso, ta shanya, ta mayar da kowace gurbinta. Jeren ya cika kamar ranar da aka kawo ta, kuma daga ranar ban sake ganin ta tsaya gabansa tana goge shi da waƙa a bakinta ba.

Ba ta fasa aikawa ba har ƙarfinta ya ƙare, kullum a leda, ba ta kuma sake tambayar Baba abin da suka ce ba. Kawu ya zo ƙauyen daga ƙarshe, ranar sadakar ukunta. Ya zauna a zauren nan a kan tabarma, ya yi furfura, yana da irin goshinta sak, ya yi hawaye na gaske. Da muka fito gaishe shi ya dube ni ya ce, "Kin san duk duniya ba wanda ya iya nakiya kamar Yaya?" Na ce masa na sani, Kawu.

Yanzu ina aure a birni, ina da nawa yaran. Azumi in ya raba tsakiya sai in shiga kanti in ɗauko cincin da dubulan a robobi masu murfi, an manna musu takarda da kintinkiri, in ba ɗan acaɓa ya rarraba. Haka ake aiko mini ni ma. Ba wanda yake tambayar robarsa, ba wanda yake share zaure saboda ita. An ce an samu sauƙi, kuma gaskiya ne, ba mai jin kunya a gaban maƙwabta irin wadda Inna ta ji. Samirun suna wurina, a raba gado ba wanda ya so su. Duk jajibiri sai in sauko da su in wanke, in tsaya ina lissafa gidajen da na sani, ko akwai inda zan aika guda a gane abin da nake nufi. Sai in tuna ƙwan zabuwar Iya Abu a cikin tsumma, da yadda na riƙo shi a hankali har gida. In sun bushe sai in mayar da su inda na ɗauko. Ledar nan da ta ba ni haushi a hannun Inna, yau ita kaɗai na iya aikawa.